Tsagen Fuskar Kaka

Ina 'yar shekara tara, muna cikin ƙaramar bas a Giza ta ƙasar Masar, wani fasinja ya nuna tsagen fuskar kakata, ya ce da Larabci, "Baiwar nan nawa take?" Aka kwashe da dariya, har direba. Ni kuwa sai na matsa nesa da ita.

Da muka sauka, Kaka ta kama yatsana ta ɗora a kumatunta.

"Tun zamanin farautar bayi ake mana wannan, don in an sace yaro dangi su gane shi a kasuwa. Ke ko sace ki ba a yi ba, amma kin kasa gane ni."

Har yau ban yafe wa mutumin nan ba. Amma matsawar da na yi ta fi ƙona min rai.