Ranar da Aka Zube Citta a Ƙasa

Buhu na bakwai Paulina take kwancewa lokacin da akuya ta tsaya ta yi fitsari a kan cittar. Ta ɗaga hannu za ta kore ta, Barista Azariya ya ce a ƙyale ta, haka ma ya fi kyau a hoto.

Wannan ce citta ta farko da ta yi albarka tun bayan cutar da ta cinye gonakin Madakiya. Matan ƙungiyar manoma citta su arba'in suka wanke ta, suka tsaga, suka shanya a kan gadajen gora masu raga, ba ta taɓa ƙasa ba. Dokar Mama Faustina ce, surukar Paulina kuma shugabar ƙungiya, wadda ko da takalmi ba ta yarda a shiga wurin shanya. Ita Paulina, wata takwas da aure, aikinta ɗinke bakin buhu, fararen buhunan nan da kamfanin Turawa ya aiko, masu hoton jan tsuntsu da ganye a baki. Ta ɗinke su har yatsunta suka yi kanta.

Kwantena ta tafi, takarda ta dawo. Kamfanin ya ce ya tarar da ƙazanta a kayan, ya riƙe su, kuma zai sa a soke shaidar da ta ba ƙungiya damar sayarwa waje. Yarjejeniyar ta ce in rigima ta taso ba kotun Kafanchan ba ce, ba ta Abuja ba, wasu masu sulhu ne su uku a wani birni na Turai. Mama Faustina kuwa ko Kaduna sau biyu ta taɓa zuwa.

Ana cikin haka Barista ya kawo kansa, ranar Lahadi bayan sujada. Ya ce shi ɗan Fadan Kaje ne, a Legas ya tashi, labari ya ji ya kasa zama, kuma kyauta zai tsaya musu. Henry, mijin Paulina, sakataren ƙungiya, ya ruga ya ɗauko fayil. Kafin ya buɗe, Barista ya karanto lambar kwantenar da ka. Mata suka dubi juna, suka ce ilimi ke nan.

Ya yi musu bayani a hankali. Dokar cinikin duniya, in ji shi, tana sassauta wa matalauta, amma Bature ba ya yarda da talauci sai ya gani da ido. In suka ga raga da gadaje da safar hannu, za su ce ai waɗannan sun ƙoshi. Don haka a zube citta a ƙasa, ya ɗauki hoto ya aika wa masu sulhu.

Mama Faustina ta girgiza kai. "Barista, shekara goma ina faɗa da matan nan kada su shanya a ƙasa. Yau kuma ni zan zuba?"

Ya yi dariya. "Mama, na awa ɗaya ne fa. Kin taɓa ganin wanda ya je roƙo da kayan Kirsimeti?"

Aka yi dariya, aka yarda. Aka kwashe gadajen aka ɓoye bayan coci. Aka fito da buhunan da suka rage a sito, kowace mace ta ɗauro zanen da ta daina sawa ko a gona, aka saki awaki. Paulina aka durƙusar a tsakiya, wai fuskarta ta fi ban tausayi. Kashin awaki yana manne mata a gwiwa, ƙudaje suna bin cittar da ta wanke da hannunta. Ta raɗa wa mijinta ko za a ɗauki gadajen ma, ko hoto ɗaya. Ya ce kada ta ba shi kunya gaban baƙo. Barista ya ce ai batir ma ya mutu.

Sai takarda, da Turanci, kowa ta dangwala yatsa. Tawada ta ɓata wa Paulina hannu. Barista ya zaro farin hankici a ninke, ya miƙa mata da bakin yatsu. Ta goge, ta miƙa masa da hannu biyu, ya dubi farcenta, ya ja baya.

"Riƙe, riƙe kawai."

Ta tura shi cikin jakar cocinta yadda yake, kunya kamar ta nutse.

Bayan wata uku hukunci ya zo. Henry ya karanta a cikin coci, yana fassarawa. Masu sulhu sun ce babu abin jayayya: manoman da kansu sun shaida cewa a ƙasa suke shanya, cikin dabbobi, ga hotuna, ga yatsu arba'in. Kayan sun tafi, shaida ta tafi. A shafi na huɗu ga Paulina a durƙushe, akuya a gefenta.

Mata suka taso wa Mama Faustina. Wata ta ce tsufa ne, wata ta ce dama shugabancin ya ishe ta haka. Henry ya yi ta rantsuwa cewa Barista ya yi iya ƙoƙarinsa, Turawan ne suka fi ƙarfinsa, shi ya sa ma ya kashe waya, kunya yake ji, bawan Allah.

Tsohuwar ta zauna a benci, gumi da hawaye suna haɗuwa a haɓarta. Paulina ta durƙusa gabanta, ta ce, "Mama, sannu," ta lalubi jaka, hannunta ya ci karo da hankicin. Ta kaɗe shi ya buɗe, za ta share mata fuska, sai hannun ya tsaya.

A kusurwarsa, ƙarƙashin shatin yatsanta, an saƙa jan tsuntsu da ganye a baki.