Kaskon 'Yan Tsaki

Ke dai ba kya jin magana sai an yi miki misali, to saurara. Tun ɗazu kike jero mini magungunan da kika ɗura wa 'yan tsakin nan naki, amma ban ji kin ce kin tsuguna kin dubi inda suke ci da inda suke kwana ba.

An yi wata mata a wani ƙauye, mai tattali ce ta gaske, irin wadda ko ƙwayar gero ta gani a ƙasa sai ta duƙa ta tsince. Abin da ta gada wurin mahaifiyarta bai wuce kaza guda ba, wata wake-wake mai yawan ƙwai, wadda irinta yake gidansu tun zamanin kakarta. Da damina ta kankama, kazar ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara, ko fiffiken kirki ba su yi ba muzuru ya ɗauke uwar. Matar nan ta yi kuka kamar an yi mata sabon rashi, ta ce in Allah ya yarda irin kazar innarta ba zai ƙare a hannunta ba. Ta kife su da kwando a ƙarƙashin rumfa, ta samo kasko, kullum safiya ta jiƙa musu dusa da ɓarzajjen gero yadda bakinsu zai iya ɗauka. Abin da suka rage kuwa ba ta zubarwa, don a gidansu an rene ta a kan zubar da abinci alhaki ne. Sai ta zuba sabo a kan tsoho, ta ɗan cuɗa saman da yatsa. Ga damina, ga lema, ai ba sai na gaya miki abin da ke faruwa a gindin kasko ba.

Ba a daɗe ba ɗaya ya saki fikafikai, yana gyangyaɗi a tsaye, zawo ya manne masa a baya. Ta ce sanyi ne, ta ɗebo garwashi ta ajiye kusa da kwandon. Ya mutu, biyu suka kama. Daga nan fa masu magani suka yi yawa, don a ciwon kaza kowa malami ne. Wannan ta ce a daka barkono a zuba musu, waccan ta ce ai ɓawon maɗaci ne gaskiyar magana, mai shago ya miƙo mata kafso ya ce ta fasa ta barbaɗa. Duk ta yi, baiwar Allah. A ina take barbaɗawa? A cikin kaskon nan dai. Da magani ya ƙi ci, sai zato ya shigo. Ta tuna maƙwabciyarta ta taɓa leƙowa ta yaba kyan 'yan tsakin, ba ta ce tubarkalla ba. Ta kuma lura agwagin matar suna ratsowa ta ƙasan danga. Shi ke nan, gaisuwa ta ɗauke tsakanin mutanen da suka yi shekara da shekaru suna aron turmi da taɓarya, 'yan tsaki kuma ba su fasa mutuwa ba.

To akwai guda a cikinsu, ɗan ƙiriniya, wanda kullum sai ya sulale ta wata ɓular kwandon ya tafi bayan ɗaki yana tonon gara, ba ya waiwayar kaskon, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Shi kaɗai ne bai taɓa sakin fiffike ba. Da takwas ɗin suka ƙare, ta dube shi ta ce, “Saura kai, kai ma so kake agwagin nan su shafa maka ciwon.” Ta kama shi, ta toshe ɓular da tsumma, ta rufe shi a kwando shi da kaskon. Da ya ƙi ci, sai ta riƙa buɗe ɗan bakinsa tana ɗura masa da hannunta, tana lallashinsa kamar jinjiri. Wallahi duk sanda na kawo nan sai tausayinta ya kama ni, don ba mugunta ta yi ba, so ne ya yi mata yawa. Shi ma ya fara gyangyaɗin, ya saki fikafikai, wata safiya ya ƙarasa a tafin hannunta.

Tunda babu sauran mai ci, ta ɗauko kaskon za ta wanke ta adana. Ta sa sakaina ta kankare saman, sai wani wari ya buge ta. Ƙarƙashin dusar jiya duk kore ne da baƙi, funfuna ta yi kauri har ta yi gashi. Ta zauna daɓas a ƙasa, kaskon a cinyarta. Babu wanda ya gaya mata komai, ba ta ma bukaci a gaya mata ba. Ta zargi sanyi, ta zargi baki, ta ɓata da maƙwabciya a kan agwagi, amma abin da take miƙa musu da hannunta kowace safiya ko sau ɗaya bai shiga zatonta ba. Haka irin kazar innarta ya ƙare, a hannun wadda ta fi kowa son ya ɗore.

Irin wannan ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.