Zaɓin Karyar Ammu Fatahi

Ina ƙarama a Alƙahira, Baba ya kai ni gonar mai gidan da muke haya, Ammu Fatahi, wato Baffa Fatahi, can bayan Giza. Shanu yake kiwo, amma ransa na kan karnukan gadi. Karyarsa ta haihu, zai riƙe ɗaya ya rabar da saura.

Ya kwashi 'yan kwikwiyon a kwando, ya zube su gindin dabino, nesa da uwar. Ya ce wanda ta fara ɗauka, shi zai riƙe. Baba ya tattare jallabiyarsa ya ja baya, don da ita zai yi la'asar. Ni kuwa na tsuguna, idona na kan wani ramamme mai lanƙwasasshen kunne, ina fatan shi za a bari.

"Ammu, me ya sa ba za ka zaɓa da kanka ba?"

"Ni ƙiba kawai nake gani, 'yata. Ita ke kwana da su."

Karyar ta zo ta shinshina su ɗaya bayan ɗaya. Ta tsallake nawa, ta ɗauki wani baƙi a baki.

"Ma'alish, yi haƙuri," in ji Ammu, ya shafa kaina.

Har yau ina son in san abin da ta shinshino a jikin baƙin nan.