Larabar Sakin Teku

Tun da aka kafa injinan da ke shan ƙarfin igiyar ruwa suna ba gari lantarki, teku ya kwanta lamo kamar ruwan randa. Amma duk Laraba da la'asar sai an kashe su an saki ruwan. A lokacin ne ƙananan igiyoyi ke zuba ƙarfinsu cikin guda ɗaya, ta taso kamar bene.

Wannan Larabar, har azahar ta wuce Tanimu masunci bai dawo da kwale-kwalensa ba. Matarsa Lantana ta ruga ɗakin injin, wurin Malam Sahabi mai gadin makunni.

"Baba, don Allah ka riƙe ruwan zuwa magariba. Maigidana yana ciki."

"Tanimu sarkin taurin kai!" in ji tsohon, yana girgiza kai. "'Yata, ƙarfin ruwa ba ya mutuwa, hannu kawai yake sauyawa. In na riƙe shi nan, gangarawa zai yi ya fashe a Tungar Gishiri."

A Tungar Gishiri mahaifiyar Lantana take, ɗakinta taku ashirin daga bakin ruwa, ga ciwon ƙafa.

"To, ya za mu yi?" ya tambaye ta a hankali.

"Saki, Baba," ta ce, da kyar muryarta ta fita.

Ta cire jan mayafinta, ta hau dutse mafi tsawo a gaɓar, ta shiga kaɗa shi da hannu biyu ko Tanimu zai hango.