Muryar Mati a Kujera ta Tara

Shekara huɗu ke nan annoba ta hana kowa shiga kallon ƙwallo. Gwamnati ta ce duk ƙungiyar da ke son tallafi sai ta tara muryoyin magoya baya dubu, a ɗaura wa kowace kujera lasifika. Bayan cutar ta ɗauke Mati, matarsa Tabawa da kanta ta dangwala yatsa a takardar amincewa, aka kwashi muryarsa daga wayarsa.

Yau ga ta a ƙofar filin ƙwallo, ta tare Sha'aibu, sakataren ƙungiyar garinsu.

"Ɗan nan, ku ba ni muryar mijina. Ranar Asabar a rediyo na ji shi yana ihun murna, alhali 'yan Gangare ne suka ci mu. Mutumin da ko ruwan garinsu ba ya sha! Kun mai da shi munafuki yana cikin kabari."

"Iya, na'urar ba ta san riga ba. Ƙwallo na shiga raga, kowa sai ya yi ihu."

"To, ku cire shi."

"Dubu cif muke. In na cire Baba, tallafi ya yanke, a rufe filin nan."

Daga ciki aka busa usur. Sai ga muryar Mati daga kujerun da ba kowa a kai: "Ku buga mana, ragwaye!"

Shekara talatin tana yi masa faɗa kan ihun nan. Ta gyara takunkuminta, ta jingina da ƙofar.

"Bar shi. Amma ka ƙara masa sauti, daga nan ba na jin sa sosai."