Soket ɗin Mahdi

Tun daga shagonsa na gyaran waya a Rano, Mahdi ya danna maɓalli, ya zuba wa allon ido. Kyamarar da ya kafa a gidansu na Kibiya tana nuna masa bakin bututun tanki. Bututun ya yi shiru abinsa.

Tsarin ba shi da wuya, in ji shi. Wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu ce a rumfar mahaifiyarsa, Hajiya Lubabatu. In saƙo ya iso ta yi ƙara, tit-tit, ta aika umarni ta iska ga soket ɗin famfo a bayan gida, ruwa ya hau. Ranar Asabar shugabannin manoman rani na Tarai za su zo gani. In ta yi, aiki ya samu. In ta ƙi, kawunsa ya riga ya share masa kujera a shagon tayil a Kano.

Na'urar tana da halayenta. Ranar da ya haɗa ta, yana tsaye a kanta, ko motsi ba ta yi ba; sai da ya koma Rano ta fara aiki. Ya yanke cewa waya in ta yi kusa tana rikita sigina. Kullum kuma sai ta yi jinkiri, tun da damina ta kama jinkirin ya ƙaru. Ya ce danshi ne. Ya sauya eriya, ya sake rubuta umarnin, ya manta da man zafin da Hajiya ta ce ya taho mata da shi.

Babbar matsalar ita ce lokacin salla. Azahar, la'asar, ba ta amsawa sam. Mahdi ya yi digiri, saboda haka bai ce aljanu ba ne. Ya ce makirfon ladan ne, marar waya, ke shiga zangon siginarsa. Ya je har masallaci da zane a kwali. Ladan ya saurare shi da haƙurin da ake yi wa marar lafiya, ya koma makirfo mai waya. La'asar ta yi, na'ura ta ƙi. Mahdi ya fara zargin masallacin unguwar gaba.

Asabar ya sa gwajin da hantsi, nesa da kowace salla. Dattawan Tarai suka cika shago. Ya danna. Aka jira, aka yi gyaran murya, sai ga ruwa ya ɓalle a allo. Aka yi kabbara. Nan take suka ba shi aikin famfo goma sha biyu.

Ya kira gida.

"Hajiya, an dace! Goma sha biyu, a Tarai!"

Ta amsa tana haki.

"To Allah ya sa albarka. Amma ka nemi mai danna musu tun wuri, Mahdi. Ni da gwiwar nan, wannan ɗayan ma in ta yi tit-tit da ƙyar nake kaiwa bayan gida in danna soket ɗin."