Hular da Ta Yi Tafiya

Kai da kake kukan ka yi wa baƙonka komai amma ya ƙi sakin jiki, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai wankin hula. Dattijo ne, a zauren gidansa yake aiki, kuma shekara da shekaru abokan hirarsa biyu ne, wani ƙaton muzuru da yake kira Sarkin Barci, da wata farar kyanwa mai jan aji, Gimbiya. Yana cuɗa hula yana ba su labarin gari, su kuwa sai kaɗa wutsiya. 'Yan unguwa har tsokanarsa suke yi, wai ya sami majalisar da ba a yi masa musu. To, rai na Allah ne. Tsufa ya ɗauke muzurun da damina, kafin a gama girbi kyanwar ta bi shi. Dattijon nan ya yi kuka na gaske, bai ji kunyar kowa ba, zaure kuma ya yi masa faɗi.

Ana nan sai ya ji labarin wata mata a bayan asibitin dabbobi, wadda take tattara 'ya'yan kyanwa da aka yar, tana rainonsu har a sami mai so. Ya ce wa kansa saboda ɓeraye zai je, kada su ɓata hulunan mutane, alhali kewa ce ta kai shi. Matar ta ba shi biyu, wa da ƙanwa, da aka tsinto a bola. Ta ce ƙaramar ba ta da ƙwari, in ya ga ba zai iya ba ya maido su. Ya kawo su gida ya yi musu gata iya gata. Ya shimfiɗa musu sabuwar tabarma, ga madara, ga kan kifi. Abu ɗaya ya gagare shi, ya dube su. Da sun matso sai ya tuna waɗanda ya binne, ya ji kamar cin amana yake yi, ya kau da kai. Bai sa musu suna ba, bai ce musu ko sannu ba. Wanda aka taɓa yarwa kuwa ba a koya masa gane inda ba a murna da shi. Suka shige bayan randa suka lafe. Babban yakan saci jiki ya ci in dattijo ya fita, ƙaramar kuwa ta daina ci, har haƙarƙarinta ya fito. Dattijo ya ga za ta mutu a hannunsa, shi kuma ba shi da zuciyar sake haƙa rami, sai ya sauko da kwando don ya mayar da su.

Yana kakkaɓe kwandon sai ya ga wata hula da ya kife a ƙasa ta motsa. Hular wani alhaji ce mai ƙaton kai. Ta taho a hankali ta ratsa zaure, ta yi karo da bango, ta ja da baya, ga siririyar wutsiya tana binta. Dariyar da ya manta yadda ake yinta ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da hawaye. Ya ɗaga hular, sai ga ƙaramar, ɗumi ta shiga nema ta rasa ƙofar fita. A karon farko suka haɗa ido.

Ya ce, “Haba 'yar nan, ai hular mutane ce. Wa ya naɗa ki?”

Ba ta gudu ba. Ya tsoma yatsa cikin madarar da ta yi ta ƙi, ya miƙa mata, ta lasa, ya ƙara, ta ƙara. Bakinsa ya buɗe, ya shiga ba ta labarin waɗanda suka riga ta zama a zauren, yana yi yana murmushi. Kafin ya kai ƙarshe wanta ya fito daga bayan randa ya haye masa cinya, ita kuma ta sa kai cikin ƙwaryar madarar da kanta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.